Haƙoran Mutumin Farko

In ana hirar masu baki a tsibirinmu na Chiloé, can kudancin nahiyar Amurka, kada kowa ya ce ya ji wani abu sai an zo kan Don Nemesio Fuentealba. Mutumin Osorno ne, can ƙetaren ruwa, tsohon kwandastan motar haya. Aure ya kawo shi ƙauyenmu, ya tare a gidan matarsa Doña Orfelina, gidan katako irin namu, wanda bijimai suka jawo daga kan tudu zuwa bakin teku tun kafin a haife ta, yadda muke yi wa gidaje in wuri ya ishe mu. Ya kai shekara talatin a cikinmu, amma har gobe Ɗan Ƙetare ake ce masa, kuma abin yana ci masa rai. Shi ya sa ba a taɓa ɗauko wata magana a gabansa ya ce bai sani ba. Ya san ciwon shanu, ya san ranar da za a yi ruwa, ya san abin da ya kamata shugaban ƙasa ya yi bara. Yadda ake riƙe fartanya ne kawai ya gagare shi.

A shekarar da nake ba ku labari, gonar da ke bayan gida ta gaji, sai Doña Orfelina ta tura shi ya sare mata tsohuwar saura da ke kan tudu. Tana da irin dankalin da ta gada wurin mahaifiyarta, wani baƙi, wani ja, wani mai ɗige-ɗige, wanda babu mai shi a ƙauyen sai ita. Shi iri ba ya jiran baɗi. In lokacin shuka ya wuce yana cikin buhu, ya ruɓe ke nan, an rabu da shi har abada. Mu kuwa a nan ba ma sa dankali a ƙasa sai wata yana raguwa.

"Tsoho," in ji ta, "wata ya kusa cika. Kafin ya mutu ina son irin nan ya kwanta a ƙasa."

"Gonar nan? Kafin ki sauke tukunyar rana na gama da ita."

Bai yi wani saran kirki ba fartanya ta ce ƙwal. Ya duƙa ya ɗauko wani baƙin dutse fasasshe, ya shafa bakinsa da ɗan yatsa, dutsen ya tsaga shi. Wani da sai ya yi tsaki ya jefar. Don Nemesio kuwa tsayawa ya yi yana kallon jinin, baki har kunne. A makon nan ya ji masana suna ta musu a rediyo kan lokacin da mutum ya fara taka wannan nahiya. Wasu suka ce bai daɗe sosai ba, wasu suka ce ai ga Monte Verde nan kusa da garin Puerto Montt, inda aka tono mazaunin mutane na shekara dubu goma sha huɗu da ɗoriya. Har ya tsoma musu baki daga kan kujerarsa, rediyon ce ba ta saurare shi ba.

Ya ƙara tonawa da hannu. Ga gawayi, ga ƙumbar teku, ga wasu duwatsun masu kaifi. Ya kwaso su a hula ya gangara gida da gudu, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba tun ranar girgizar ƙasa.

"Orfelina! Bar wankin nan ki zo ki ga wuƙar mutumin farko!"

Ta leƙa hular, ta ɗaga kai ta dube shi. "Ramin curanto ne. An ƙona duwatsu, an zuba ƙumba da nama da dankali, an rufe da ganye, an ci, an watse. Ina fartanyata?"

"Madalla, da bakinki kika faɗa! Curanto ne, amma na wa? Wa zai haƙa ramin girki a kan tudu inda ko bukka babu? Kowa a ƙofar gidansa yake yi."

"Mahaifiyata ta ce daga wajen nan aka jawo gidan nan."

"Wajen nan daban, nan daban. Ki bar wa kimiyya aikinta, tsohuwa."

Da yamma ya ɗauki wuƙar tasa ya nufi kantin ƙauye, inda maza ke taruwa. Don Abelardo Cárcamo na nan zaune kan buhun gari. Shi ne uban baftismar 'yar Don Nemesio, shi ya sa suke kiran juna compadre, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Shekara dubu arba'in," in ji Don Nemesio, ya ajiye dutsen a kan kanta a hankali kamar ƙwai.

"Wa ya ƙirga maka, compadre?"

"Ƙasa. Kowane taƙi ɗaya na zurfi shekara dubu goma ne. Taƙi huɗu na auna."

"To ashe rijiyata ta girmi Adamu," in ji Don Abelardo. "Compadre, duk dutsen da ya sha wuta romo ya zubo masa, haka yake fashewa. Akwai tsibinsu a bayan gidana, zo ka kwashe kyauta."

"Naka fashewa ya yi, wannan fasa shi aka yi. Sai mai ido yake gane bambancin."

Don ya rufe bakin kowa, ya sa mai kanti ya sauko da kyafaffen nama, ya ce yanzu za su ga yadda kakannin kakanni suke yanka. Ya danna, ya goga, ya cije leɓe. Naman ko gezau. A dannawar ƙarshe dutsen ya rabe biyu, rabi ya yi tsalle ya faɗa cikin buhun sukari, rabi ya shige masa babban yatsa. Aka kwashe da dariya har mai kanti yana riƙe ciki. Don Nemesio ya naɗe yatsa da hankici ya ce, "Kun gani? Dutsen banza zai yi wannan yanka?"

Washegari Doña Orfelina ta nemi zaren ulun da ta kwana biyu tana kaɗawa ta rasa. Ta nemi rariyar tankaɗe, babu. Cokula ma sun yi ƙafa. Da ta hau tudu sai ta tarar an kafa turaku an zagaye gonarta da zarenta, an yanka ta gida-gida kamar allon dara, mijinta yana durƙushe a tsakiya yana kankare ƙasa da cokalin shayi. Kafin ta buɗe baki ragonta ya biyo ta, ya shiga zaren, ya firgita, ya zabura. Turaku suka tumɓuke, zare ya harɗe ƙafar Don Nemesio, rago ya ja shi a kan ciki har gindin tuffa.

"Irin ya fara fitar da ido a cikin buhu," in ji ta, tana tsaye a kansa. "Wata ya cika jiya."

Ya tofar da ciyawa. "Mutanen da suka jira shekara dubu arba'in kike so in ce wa su matsa saboda dankali?"

"Su ba su cin abinci, kai kana ci. Ka ji ni da kyau, Nemesio. In irin mahaifiyata ya ruɓe, duwatsun nan zan riƙa dafa maka har hunturu ya fita."

Ya ga da cokali ba zai kai ko'ina ba, sai ya kira gayya. Ragon da ya ja shi a ƙasa shi ya biya kuɗin laifinsa, aka yanka shi, aka buɗe gangar giyar tuffa. A ƙauyenmu ba a ƙin gayya, balle mai rago. Maza suka hau tudu da shebur da diga, Don Nemesio ya tare su a bakin gona yana raba cokula.

"Da cokali za mu yi haƙa, Ɗan Ƙetare?"

"Haka ake yi a Monte Verde."

"To a Monte Verde ragon ma da allura suke cin sa?"

Suka yi ta lallaɓa ƙasa muddin yana kallo. Da ya juya baya sai a ɗauko shebur. Shi kuwa yana ta zarya da hular kwano da ya aro wurin masu gyaran hanya, nan ya ce a tona, can ya ce a tona, duk wanda ya ɗago dutse sai ya karɓe ya ba shi suna. Wannan wuƙar fiɗa ce, wannan bakin mashi ne, wannan da shi matar mutumin farko take kankare fata. Wani ya miƙo masa gutsuren kwalba, ya jefar da sauri ya ce ɓeraye ne suka shigo da shi daga baya. Kafin la'asar an birkice gonar daga wannan kai zuwa wancan, har kututturan ƙaya da suka gagari mutane shekara da shekaru an tumɓuke su. Sai ruwa ya sauko, irin namu, wanda ba ya sallama. 'Yan gayya suka kwashi sauran nama suka gudu. Don Nemesio ya tsaya zai rufe babban ramin da bargo, gefen ramin ya zabtare, ya tafi da shi ciki har ƙugu.

A nan ne, yana lalube cikin taɓo don ya sami abin dafawa, hannunsa ya kama wani abu mai lanƙwasa. Ya ɗago shi. Curin laka ne, amma ta gefe ɗaya ga haƙora nan jere, farare, irin na mutum.

Don Abelardo ne ya dawo neman hularsa ya jawo shi waje. Ko godiya bai yi ba. Ya ɗaga curin sama, ruwa na dukan fuskarsa, ya ce, "Compadre, gaida mutumin farko."

Wannan karon Don Abelardo bai yi dariya ba. Ya cire hular da ya zo nema ya yi alamar gicciye.

Don Nemesio ya ji a rediyo cewa ba a wanke abin da aka tono, don haka ya naɗe shi da lakarsa a cikin mayafin coci na Doña Orfelina, ya sa a tukunyar miya ya rufe. Daga nan ya aika saƙo gidan rediyon da ke karanta sanarwar 'yan ƙauye da rana. Tsakanin cigiyar ɗan maraƙi da wani mai gaya wa matarsa ta jira shi a mashigin jirgi da doki, duk tsibiri ya ji cewa Don Nemesio Fuentealba, masanin tarihi, ya tono muƙamuƙin mutumin da ya fara taka nahiyar Amurka, kuma yana yi wa mutanen Monte Verde jaje.

Ranar Lahadi bayan coci, sai ga wata mace ta sauko daga motar garin Castro da takalmin roba da jaka a baya. Dakta Paulina Riquelme ce, mai binciken kayan tarihi a wata jami'a can ƙetare, saƙon rediyon ne ya iso mata. Wani ma'aikacin rediyon ya biyo ta da na'urar ɗaukar magana. Ƙauye kaf ya hau tudu. Har Doña Clorinda, wadda ta fi kowa shekaru a ƙauyen, aka ɗauko a kan amalanke, domin ta ji an ce taro, ta ɗauka da abinci.

Don Nemesio ya sa kwat ɗin aurensa, wadda maɓallinta ya daɗe da sallama da tumbinsa. Ya tarbi baƙuwar da "abokiyar aikina", ya jera mata duwatsu a kan tebur. Ta ɗauki kowanne ta juya, ba ta yi masa dariya ba.

"Waɗannan wuta ce ta fasa su, Don Nemesio, ba hannu ba. Amma wannan bai kashe maganar ba. An sha samun ramukan curanto na dubban shekaru a tsibirin nan, shi ya sa na zo. Abin da ya fi damuna shi ne muƙamuƙin. In ƙashin mutum ne, dole in sanar da hukuma yau ɗin nan."

"A sanar! A gaya wa shugaban ƙasa ma!"

"Za a zagaye gonar da waya. Ba mai sara, ba mai shuka, sai an gama bincike."

"Sai yaushe ke nan, 'yata?" Muryar Doña Orfelina ce daga bayan mutane.

"Wani wurin shekara biyu, Doña. Wani wurin ya fi goma."

Doña Orfelina ba ta yi faɗa ba, ba ta ambaci dafa duwatsu ba. Ta dai juya ta dubi buhunan irinta da ta sa aka hau da su tun safe, tana murza bakin zanen gabanta. Don Nemesio ya saba da faɗanta kamar yadda ya saba da ruwan sama, amma shirun nan bai san shi ba. Sai a lokacin ya tuna watan da ya gani da asuba, ɗan siriri kamar yankan farce, ya tuna kuma babu wata gonar.

Mutumin rediyo ya kai masa na'ura bakinsa. "Don Nemesio, faɗa wa masu sauraro, mene ne a cikin tukunyar nan?"

Ya rungume tukunya. Ya dubi na'urar da ya yi shekara talatin yana mafarkin a kawo masa, ya dubi matarsa.

"Ban sani ba," in ji shi.

Don Abelardo ya sa ɗan yatsa ya goge kunnensa. "Me ka ce, compadre?"

"Na ce ban sani ba! Ƙila na tunkiya ne. Ƙila ma babu komai a ciki. Kowa ya tafi gida."

Ina! Wanda ya tara mutane da rediyo ba ya sallamarsu da baki. Aka yi caa a kansa. Ya ja da baya, ya ƙara ja, diddigensa ya sami bakin ramin nan da ya san shi, ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin taɓo da kwat ɗin aure. Tukunya ta yi sama, murfi ya yi gabas, ƙunshin ya faɗo a gaban Dakta Paulina. Ta warware mayafin, ta nemi kwanon ruwa, ta fara wanke lakar a hankali da ɗan burushi. Haƙora suka fito. Ta ci gaba. Sai ga dasashi ja-ja, sumul, yana ƙyalli. Ta ƙara gogawa, sai wani haƙori na gefe ya haska rawaya. Ta ciji leɓenta don kada dariya ta kufce mata.

"Mutumin farkon nan," in ji Don Abelardo, "ashe yana zuwa wurin likitan haƙori."

"Ku matsa in gani!" Doña Clorinda ce, ta sauko daga amalanke ba wanda ya taimake ta. Ta karɓe abin daga hannun Dakta, ta kai shi dab da idonta, ta shafa haƙorin zinaren. "Wayyo Maryamu! Belisario! Haƙoran roban mijina ne, marigayi! Su ne ya sayo a Ajantina da ya je askin tumaki!"

Ta juya ta dubi tudun kamar yau ta fara ganinsa. "Ai nan ne ƙofar gidan iyayenki, Orfelina. Ranar da aka ja gidan, nan aka yi curanto. Belisario ne ya kora bijiman gaba, da haƙoransa a baki yana ta yi musu ihu. Ya ci, ya sha har aka kai shi gida a kan wuya. Da safe ya tashi baki wayam, ya ce a kofi ya ajiye su, ni na watsar da ruwan. Har ya mutu yana yi mini gori! Kowane baƙo ya zo sai ya nuna ni da dasashi ya ce ga wadda ta zubar masa da dukiya!" Ta ɗaga haƙoran sama ta girgiza. "Ka gani, tsohon banza? A ramin girki ka zubar da su!"

Dariyar da aka yi ranar har masunta a teku sun ce sun ji ta. Mutumin rediyo bai kashe na'urarsa ba, saboda haka duk tsibiri ya ji ta washegari. Dakta Paulina ta share hawaye, ta ce babu hukumar da za ta sanar, gona ta mai gona ce. Ta miƙa wa Don Nemesio hannu ta fito da shi daga rami, ta ce in ya sake ganin wani abu ya kira ta kafin ya kira gayya.

Gayya kuwa bashin jiki ce, ana rama ta. Tun kafin ya matse kwat ɗinsa maza suka kewaye shi, kowa yana faɗin ranar da zai zo masa aiki, wannan gona, wannan rijiya, Don Abelardo kuma ramin masai. "Ka zo da cokalinka, compadre," in ji shi.

Doña Clorinda ta ƙulle haƙoran a hankici, ta ce gobe za ta kai wa Belisario kayansa a makabarta, kuma akwai maganar da za ta gaya masa. Da za ta hau amalanke ta dafa kafaɗar Don Nemesio. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka wanke ni." Tun daga ranar ba a sake ce masa Ɗan Ƙetare ba. Mai Haƙora ake ce masa, kuma yana amsawa.

Da mutane suka watse, Doña Orfelina ta taka gonar ta duba. An birkice ta tas, babu kututture ko ɗaya, ga gawayi da ƙumba sun gauraye da ƙasa. Tun tana yarinya ba ta ga ƙasar shuka mai laushi haka ba. Ta kwance bakin buhu, ta miƙa masa fartanya.

"Na ji abin da ka faɗa ɗazu," in ji ta, ba ta dube shi ba.

"Me na faɗa?"

"Ka sani."

Ya yi sara, ta jefa baƙin dankali ta rufe da ƙafa. Ya sake sara, ta jefa ja. Sun kusa kai ƙarshen kunya yana shiru, har ta fara tunanin ko faɗuwar ta taɓa shi. Sai ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya dubi wajen ƙetaren ruwa.

"Amma fa a faɗi gaskiya, tsohuwa. Su mutanen Monte Verde, duk tonon da suka yi da digirorinsu, akwai abu ɗaya da suka taɓa mayar wa mai shi? Ni tono ɗaya na yi, har matar mutumin na samo."

"Yi sara, Nemesio," in ji ta. "Wata ba zai jira ka ba."